Saƙo na Sittin da Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Asabar aka buga waya ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawa a wani ɗakin sanyi na kifi da ke bayan Kasuwar Artisan. DPO bai tambayi sunan mamacin ba. Yana jin an ce ɗan Arewa ne ya leƙa ta taga ya ƙwala kira.

"Abdurrahim! Na your people. Go see."

Haka Insfekta Abdurrahim ya shekara tara a Enugu. Duk gawar da ta sa hula tasa ce, kuma ba a son ta kwana biyu a kan tebur.

Ya tarar da leburori sun cika bakin ƙofa, kowa ya yi jugum. A ciki, mamacin na zaune ya jingina da bango kusa da ƙofar ƙarfe, daga shi sai singileti da gajeren wando. Ya yayyaga kwalayen kifi ya lulluɓa da su. Sunansa Kallamu, ɗan wani ƙauye kusa da Gashuwa, watansa takwas da zuwa neman abinci.

Insfekta ya duƙa ya duba hannunsa. Babban yatsan dama ya tsage. Kusa da ƙofar akwai wani jan maɓalli, jini ya daskare a kansa. Hannun buɗe ƙofar ta ciki kuwa babu shi, sai ramin da ya bari.

Mai wurin, Alhaji Hafizu, yana tsaye a waje da carbi, yana ta salati da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ina hannun ƙofar nan?"

"Satin jiya ya karye, ranka ya daɗe. Har na yi magana da mai walda."

Insfekta ya sa yatsa cikin ramin, ya fito da tsatsa. Tsatsar nan ta ga damina aƙalla ɗaya. Ya goge a wandonsa.

"Wannan jan abin fa?"

Kafin Alhaji ya buɗe baki wani saurayi mai fes-fes da tabarau ya matso. Fakhruddeen ke nan, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ake kira manaja.

"Ƙararrawa ce, Yallaɓai. In mutum ya maƙale ya danna, kwamfutar da ke ofis a sama za ta tura saƙo wayar mutum uku: Kawu, da Salihu shugaban leburori, da ita wadda ta haɗa abin. Jiya ba wanda ya ga saƙo. Aikin banza ta yi mana, ga shi ta kashe mutum."

"Wace ce ita?"

"Ilham, 'yar Malam Abubakar Sadiq na unguwar Asata. Na gaya wa Kawu tun farko, wannan ba aikin mata ba ne."

"Kai ba ka cikin masu samun saƙon?"

Fakhruddeen ya gyara tabarau. "Ba a sa ni ba. Ni ko taɓa kwamfutar nan ba na yi."

Labarin jiya bai da tsawo. Ranar Juma'a sha biyu da rabi ake rufewa. Kallamu ya koma ciki ajiye kwalayen ƙarshe, kwandon da ake tokare ƙofar da shi ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ƙofa ta rufe. Salihu ya garƙame get ɗin waje yana zaton Kallamu ya riga su masallaci. Bayan salla kowa ya wuce unguwar Uwani walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan Alhaji. An ci shinkafa, an sha lemo, ba wanda ya ƙirga leburori.

Insfekta ya koma cikin ɗakin sanyin, ya naɗe yatsa da hankici, ya danna maɓallin.

Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara a aljihun Alhaji, wata kuma a aljihun Salihu.

Insfekta ya juyo ya dubi Fakhruddeen.

"Ka gani ko?" in ji Fakhruddeen da sauri. "Haka aikinta yake, yau ya yi gobe ya ƙi."

Insfekta ya karɓi wayar Alhaji. Saƙon ya ce: Akwai mutum a cikin ɗakin sanyi, a buɗe yanzu. A ƙarshensa akwai lamba, 64. Ya duba tsofaffin saƙonni na watannin baya. Magana iri ɗaya ce, amma babu mai lamba a ƙarshe. Ya rubuta wannan a littafinsa.

Kafin ya koma ofis an riga an yi masa aikin. Labari ya kai Asata cewa 'yar Malam ta kashe lebura da kwamfuta, samari sun fara taruwa a ƙofar gidansu, DPO ya aika mota aka ɗauko ta.

"Monday you carry am go court," in ji DPO, wato ranar Litinin a kai ta kotu kan laifin sakaci. "Negligence. Owner don talk, manager don talk. Wetin remain?"

Abin da ya rage shi ne gaskiya, amma Insfekta ya daɗe da sanin ba a faɗar wannan kalmar a ɗakin DPO. Ya ce a ba shi zuwa Litinin.

Ilham ba za ta wuce ashirin da shida ba. Tana zaune a benci a bayan kanta, hijabinta ya yamutse, idonta busasshe. A Asata aka haife ta, har ta gama zagin kofur ɗin da ya tura ta da Ibo tsantsa kafin Insfekta ya iso.

"Kin samu saƙo jiya?"

"Ban samu ba, Yallaɓai. Da na samu da ƙafa zan ruga."

"Yau fa?"

"Wayata na hannunku."

Ya sa aka kawo. Saƙon na nan, da lambarsa. Ta dube shi, ta sake dubawa, ta ɗaure fuska.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ba ke kika rubuta maganar ba?"

"Maganar tawa ce. Lambar nan ba tawa ba ce. Saƙona ba ya ƙirga kansa."

"Yi min bayani kamar wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba. Ba ki yi ƙarya ba in kin ɗauke ni haka."

Ta ja numfashi. "Abu uku ne. Akwai 'yar manhajar da na rubuta, ita ke sauraron maɓalli. Akwai fayil ɗin saiti, nan ake rubuta lambobin wayar da za a tura wa saƙo. Sau ɗaya take karanta shi, lokacin da aka tashe ta. In ka sauya lamba dole ka kashe ta ka sake tashinta. Sai kayan haɗi. Ba komai na rubuta da hannuna ba. Abin da ke tura saƙon wasu ne suka yi shi, ɗaukowa ake yi a intanet. Kuma kullum suna fito da sabon samfuri."

"Sai ki ɗauko sabo."

"A'a. Wanda na gwada na tabbatar, shi na tsayar. Na rubuta lambar samfurin kowanne a wani fayil, na kulle. In ka tashi manhajar da umarnin da na tsara, shi zai duba wannan fayil ya kawo daidai abin da na rubuta, ya ajiye su a keɓe, ba ƙari ba ragi."

"Kamar makaniken okada da ya ce ga lambar fulogin da injin nan ke ci, kada a sa masa wani."

"Haka, Yallaɓai."

"In mutum bai san umarninki ba fa?"

"Zai tashe ta kai tsaye, ta ce masa babu kaya. In yana da ɗan sani sai ya ɗauko su da kansa. Kuma sabbi za su zo masa."

"Wa kika koya wa umarnin?"

Ta yi murmushi mai ciwo. "Na so in koya wa Fakhruddeen ranar da na gama. Ya ce shi mai difloma ne a kwamfuta, ba mace ce za ta koya masa tashin manhaja ba."

Insfekta ya buɗe littafinsa ya duba inda ya rubuta cewa manaja ko taɓa kwamfutar ba ya yi. Ya ja layi a ƙarƙashi.

Da la'asar ya sami Salihu a wurin mai shayi kusa da kasuwar Ogbete. Mutum ne mai kusan hamsin, ya ƙi cin komai tun safe.

"Yaushe hannun ƙofar ya karye?"

"Satin jiya, Oga."

"Salihu, kai ka garƙame get a kan yaron nan. In na ga dama da kai zan cika takardata. Yaushe ya karye?"

Salihu ya sunkuyar da kai. "Tun kafin azumin bara. Alhaji ya ce sabuwar ƙofa tsada, shi ya sa aka kawo yarinyar ta sa maɓalli. Da safe ya tara mu ya ce duk wanda aka tambaya ya ce satin jiya."

"Wa ke riƙe makullin get?"

"Ni da Alhaji. A da manaja ma yana da shi, amma ya taɓa barin wurin a buɗe, Alhaji ya karɓe a gaban kowa. Na ofis kawai aka bar masa."

"Yana shiga ofis?"

"Ranar Alhamis tun azahar yana sama har magariba. Na hau kai masa takardar direba, na same shi gaban kwamfuta yana gumi, ya daka min tsawa."

"Yau da safe fa?"

Salihu ya sosa ƙeya. "Lokacin da muke ƙoƙarin ɗaga Kallamu, ban gan shi ba. Daga baya na ga ya sauko daga bene."

Ranar Lahadi da hantsi Insfekta ya sa hannu a takarda ya fito da Ilham. Dokar ofis ta ce da ankwa, don haka da ankwa ta bi ta tsakiyar kasuwa, mata masu kayan miya suna nuna ta da baki. Insfekta ya ji kunyar wannan tafiyar har cikin ransa, amma bai da yadda zai yi.

A ofishin sama ya tara Alhaji da Fakhruddeen da Salihu. Ya cire mata ankwar ya ja mata kujera.

"Wannan ba daidai ba ne," in ji Fakhruddeen. "Za ta goge laifinta."

"Shi ya sa na kira ka, mai difloma. Tsaya a bayanta ka sa ido."

Ilham ta buɗe fayil ɗin saiti. Lambobi uku ne, na Alhaji da na Salihu da nata, kamar yadda ta bari. Fakhruddeen ya saki ajiyar zuciya.

"Amma dubi nan, Yallaɓai," ta ce. "An adana shi jiya Asabar, bakwai da minti goma sha biyu na safe. Ni rabona da wurin nan wata biyu."

Ta nemi fayil ɗin da manhajarta ke rubuta duk abin da ya faru. Babu shi, an goge.

"To, shi ke nan," in ji Alhaji. "Tunda babu shaida, a bar wa Allah."

Mutanen da ke saurin bar wa Allah magana, Insfekta ya lura, yawanci su ne ke da abin da ba sa so a tono.

Ilham ba ta saurare shi ba. Ta buga wani gajeren umarni, jerin sunaye ya fito.

"Ga fayil ɗina na kulle. Abin tura saƙo, samfuri na biyu da ɗigo huɗu. Ga kuma wanda ke aiki yanzu, na uku da ɗigo ɗaya. Ba a cikin keɓaɓɓen wurina yake ba, a waje aka zuba shi. An ɗauko shi ranar Alhamis, uku da rabi na rana."

"Me ya bambanta su?"

"Ban sani ba tukuna. Ban taɓa aiki da sabon ba."

Ta buɗe bayanin da masu abin suka rubuta, ta bi shi da yatsa a hankali. Fanka na juyawa, injin sanyi na gurnani a ƙasa. Can ta tsaya.

"Sun ƙara abu biyu. Yana sa wa kowane saƙo lamba. Kuma yana ajiye kwafin duk saƙon da ya tura a wani ɓoyayyen fayil nasa na kansa, da lokaci, da wayar da ya je."

Wanda ya goge ya goge abin da ya sani ne. Wannan bai san da shi ba, domin bai karanta bayanin abin da ya ɗauko ba.

Fayil ɗin ya buɗe. Layi sittin da huɗu. Biyu na farko ranar Alhamis da yamma, gwaji. Na ƙarshe na Insfekta ne. Sauran sittin da ɗaya duk ranar Juma'a ne, daga ɗaya saura kwata zuwa huɗu da minti goma. Da farko a jere suke, kusan kowane minti. Daga baya tazara ta fara faɗi. Tsakanin na sittin da biyu da na sittin da uku akwai minti ashirin da biyar.

Sai a nan hawaye ya zubo wa Ilham.

Saƙonnin Juma'ar duk waya ɗaya suka tafi, kuma ba ta cikin ukun nan. Insfekta ya karanto lambar da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

"Ban san ta ba," in ji Fakhruddeen.

Carbin Alhaji ya faɗi ƙasa. Ya juyo ya dubi ɗan ƙanwarsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Lambar Fatsuma ce. Lambar marigayiya mahaifiyarka. Ni na saya mata layin. Ka ce min ka riƙe shi don tunawa da ita."

Fakhruddeen ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye, ya zauna a ƙasa.

"Ban yi niyyar kashe kowa ba, wallahi."

"Me ka yi niyya?" in ji Insfekta.

"Kifi kawai. Manhajar tana tura saƙo in an ɗauke wuta sanyi ya ragu. Na ce in na mai da saƙon wayata, ranar da abin ya faru ba wanda zai sani sai ni. Kwali goma ko ashirin su lalace, Kawu ya ga aikinta banza ne." Ya ɗago ya dubi Alhaji. "Ni ka biya wa makaranta, Kawu. Ka karɓe min makulli a gaban leburori, ka ɗauko mace daga waje ka ba ta aikin da na karanta. Ko sunana ba ka sa a cikin mutum ukun ba."

"Ranar Juma'a," in ji Insfekta. "Ka ga saƙon?"

"Na gani."

"Na farko?"

"Muna hanyar masallaci, ina tuƙa Kawu. Na ɗauka kuskure ne. Muna sahun gaba ana huɗuba tana ta motsi a aljihuna."

"Me ya hana ka tashi?"

"Ba ni da makullin get. Sai na ce wa Kawu ko Salihu akwai mutum a ciki. Su kuma za su ce ya aka yi na sani." Ya share gumi. "Na ce bari a idar da salla. Aka idar, Kawu ya ce mu wuce Uwani. Na ce in na sauke shi zan san dabara. Sai aka ba ni rabon abinci. Wajen ƙarfe huɗu ta daina. Na ce wa kaina wani ya buɗe masa."

"Ka ci abincin?"

Fakhruddeen ya rufe fuska da hannuwa.

"Jiya kuma, ana ɗaga gawa, ka hau nan ka mai da lambobin yadda suke, ka sauko ka nuna min 'yar mutane."

Salihu ya yunƙura zai shaƙe shi, Insfekta ya tare. Ankwar da aka cire daga hannun Ilham ita aka sa wa Fakhruddeen. Alhaji ya matso ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, yaro ne, maraya ne. A zauna a yi magana ta gida."

"Za a zauna, Alhaji. Gobe ƙarfe tara ka zo ofis, ka zo da mai waldar nan taka. Ina da tambayoyi a kan satin jiya."

Aka sauko da Fakhruddeen ta tsakiyar leburori. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga hannu. Matsawa kawai suka yi, kowa na janye rigarsa kada ta taɓa shi.

Sai da aka kusa la'asar aka gama takardun sakin Ilham. DPO ya sa hannu yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ya dube ta ba. A bakin get wani dattijo mai farin gemu yana tsaye da buta a hannu. Mahaifinta ne, Malam Abubakar Sadiq. Ya gaisa da Insfekta gaisuwa mai tsawo, ya yi masa addu'a, sannan ya juya ga 'yarsa.

"Alhamdu lillahi. Allah ya wanke ki, Ilham."

"Baba, matar da ta kawo min abinci jiya ta ce ka je gidan Alhaji bayan azahar."

Malam ya dubi ƙasa. "Na je."

"Ta ce ka durƙusa a gabansa, a gaban mutane, ka ce a yafe wa 'yarka, ƙuruciya ce da rawar kai. Ka ce dama kai ba ka so karatun nan ba."

"Don in kwantar da wuta ne, 'yata. Samari sun taru a ƙofa."

"Na sani, Baba. Amma kafin ka je can, nan ya fi kusa. Da ka biyo ka tambaye ni ko na yi."

Malam ya mai da butar ɗaya hannun. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta miƙe ta tsai da okada.

"Asata," ta ce, ta hau ita kaɗai.